Ranar Da Na Ce Ba Tawa Ba Ce

A lokacin ni yarinya ce ɗanya, mijina ya rasu ya bar ni da ɗiya guda, ɗiyar fari, mai shekara biyar. Mu 'yan tsirarun Kirista ne a wani ƙauye tsakanin Tasawa da Maijirgi. Tun shekarar da ƙyanda da yunwa suka haɗe mana, majami'armu ta tara marayu a rumfar bayanta, ni ce mai dafa musu tuwo. Ɗiyata cikinsu take ci, cikinsu take wasa. Kun dai san halinmu da ɗan fari: ba a kiran sunansa, ba a nuna shi gaban surukai. Ni kuwa na fi kowa tsanani, har yabona ake yi, ina jin daɗi, wauta!

Wata Lahadi baƙi suka zo daga mishan, wata baturiya da tafintanta, mutumin kudu wanda ya iya Hausa amma bai san al'adarmu ba. Muka yi sujada da kiɗan ƙwarya, marayun suka kawo ayoyin da suka haddace. Bayan addu'a fasto ya sanar cewa za a tafi da waɗanda ba uwa ba uba gidan marayu mai lakwal, wato makaranta, da likita, can nesa. Ya fita nuna wa maza rijiya. Baturiyar ta ga yarinya ta riƙe mini zane, ta sa a tambaye ni ko tawa ce. Uwar mijina na zaune, wan mijina na tsaye. Na ɓamɓare hannunta na ce, "Ba tawa ba ce." Mata suka yi dariya, don kowa ya san kunya ce. Tafinta kuwa ya rubuta ta cikin marayu.

Washegari na dawo daga ɗiban ruwa na tarar da ɗiyata cikin motar baƙin. Ashe wan mijina, da bakunan ciyarwa suka yi masa yawa, ya dangwala yatsa a takarda. Na ruga wurin fasto. Ya ce shi ya zaci da yardata ne, amma in na buɗe baki yanzu gaban baƙin na ce tawa ce, zai sa a sauke ta. Na isa bakin motar, gari duk ya taru, uwar mijina na kallona. Wallahi harshena ya ƙi ɗaguwa. Ina tsaye da gammo a kai motar ta tashi, ko kuka ban iya yi ba.

Shekara goma sha shida ina aika saƙo ta bakin duk mai wa'azin da ya ratso, babu amsa. Sai ga ɗiyar tawa ta zo da masu rigakafi, ta zama ma'aikaciyar jinya. Ta gaishe ni da ladabi kamar yadda ake gaida baƙuwa. Na yi ta bayanin kunya da al'ada, ta saurara har na gama, sannan ta ce, "Iya, na gane. Amma ni a lokacin shekarata biyar, kuma da kunnena na ji."

Ta yafe mini, takan aiko mini da zane. Iya take ce mini kamar yadda ake ce wa kowace babbar mace, Mama kam ba ta taɓa kirana ba. Mata 'yan'uwana, kunya aba ce mai kyau, amma manya kaɗai ke gane ta. In an tambaye ki ɗanki yana tsaye yana ji, ki ce naki ne. Ni sunanta yanzu nake kira kullum cikin addu'a, da ƙarfi, ita kuwa ba ta nan balle ta ji.