Ranar da igiyar injin markaɗe ta ƙi komawa

Shekarun baya, ban daɗe da fita takaba ba, na yanke shawarar buɗe shagon markaɗen da mijina ya bari a unguwar Mamobi. Ɗan shago ne na katako a gefen babbar kwata, inda matan unguwa ke kawo tattasai da tumatir da waken ƙosai. Tun aurenmu ni ke zuba kaya da wanke inji, shi kuma shi ke tayar da shi. Ban taɓa lura da cewa akwai abin da ban iya ba a shagon sai da ya rasu.

Kafin ranar, yayan mijina ya zo ya zaunar da ni. Cikin mutunci ya yi maganar, ba zan yi masa sharri ba. Ya ce inji ba aikin mace ba ne, gara a sayar, in kwashi yara in koma Bawku wurin iyayena. Na ce, "Yaya, a bar ni in gwada tukuna." Ya ce to, irin wanda ake ce wa majinyaci don kada ransa ya ɓaci.

Da sassafe na share shago, na zuba fetur, na duba baƙin mai yadda na saba ganin mijina yana yi. Mata har sun fara jera robobinsu a ƙofa. Na yi bismilla na ja igiya, inji ya yi tari ya yi shiru. Na sake ja da duk ƙarfina. Igiyar ta fito gaba ɗaya, ta ƙi komawa, ta zube a ƙasa. Na tura ta cikin ramin da yatsa, na jijjiga injin, har na ɗan buge shi da tafin hannu kamar rediyo. Matan suka yi ta yi mini sannu, suna ɗaukar robobinsu ɗaya bayan ɗaya suna nufar masu markaɗe na unguwar Nima. Na zauna a kan benci da igiya a hannu, hawaye na zuba.

A haka ƙawata mai sayar da dokunu, wato tuwon masara na ƙulli, ta same ni. 'Yar ƙabilar Ga ce, amma a cikinmu ta tashi, Hausarta irin tamu ta Zongo, unguwannin Hausawa, mace da namiji duk "kai" ne a wurinta. Ta ce, "Kai, tashi. Ina sifanan mijinka?" Na ce mai gyaran da ya sani ya yi tafiya, kuma gaskiyar magana, ba na son in nemi wani labari ya kai kunnen Yaya tun ranar farko. Ta ce ita ma ba ta taɓa buɗe inji ba, amma abin da mutum ya rufe, mutum na iya buɗe shi.

Muka kwance notunan murfin. A ciki akwai faifan roba da igiyar ke naɗuwa a kai. Ina ɗaga shi, wani dogon sifirin, siririn ƙarfen da ke mayar da igiya, ya yi tsalle ya warware kamar maciji. Ƙawata ta yi waje da gudu ta bar silifas ɗaya, tana kiran Yesu, ni kuma ina salati. Da muka ga ƙarfe ne kawai kwance a bakin kwata, dariya ta kama ni har na riƙe ciki. Sai na tsaya ina waige-waige kamar wadda ta yi sata, domin tun rasuwar ban yi dariya ba.

Muka wanke sifirin da kananzir. Nan muka ga ƙugiyar bakinsa, wadda ke kama faifan, ta karye. Ɗaya bakin kuwa baƙi ne, lanƙwasarsa ba daidai ba, da gani da hannu aka yi ta. Ashe mijina ya taɓa shan irin wannan wahalar, bai ko faɗa mini ba. Na daɗe ina shafa wurin da yatsa. Daga nan muka kwaikwaye shi: muka sa bakin da ya karye a garwashin kurfotinta, wato murhun gawayi, har ya yi ja, na lanƙwasa shi da filaya.

Mayar da shi mazauninsa shi ne aikin. Ka naɗe rabi ya kufce, ka sake daga farko. Ya yanke ni a yatsu, giris ya ɓata mini hijabi. Wajen azahar muka gama, muka rufe, har ina cewa ashe abin da maza ke yi wa kuri ke nan. Na ja igiya, ta sake zubewa a ƙasa. A juye muka naɗe shi.

Na je na yi salla, ta je ta leƙa tukunyarta, muka dawo muka sake buɗewa. A wannan karon muka gane sai an murɗa faifan ya ɗan yi tauri kafin a zura igiya. Ta danne shi da babban yatsa, na zura na ƙulla. Ta ce, "In saki?" Na ce ta saki. Igiyar ta shige ciki da kanta, mariƙin ya bugi murfi. Ja ɗaya, inji ya kama. La'asar ta wuce, ba ko mutum ɗaya a ƙofa. Barkonon shitonta, miyar yajin da ake cin dokunu da ita, muka markaɗa, muna atishawa.

Yaya ya ji labari, don a Zongo ba abin da ke ɓoyuwa. Ya biyo bayan magariba, ya dubi injin, ya dubi yatsuna da na ɗaure da tsumma. Ya ce ƙarfen da aka gyara a garwashi ba ya daɗewa, zai aiko mini da sabon sifirin. Bai ƙara tayar da zancen Bawku ba.

Yanzu inji mai wutar lantarki nake amfani da shi, yaran ma sun girma. Amma nakan tuna ranar. A watannin nan kowa tausayina yake ji, ana yi mini magana a hankali, ana karɓe mini ko da bokiti ne. Na gode musu har gobe, sai dai tausayin ya kusa sa in manta ina da hannu. Injin nan shi kaɗai ne bai san an yi mini rasuwa ba. Bai sassauta mini ba ko kaɗan, kuma a ranar na fara jin zan iya zama a garin nan in riƙe 'ya'yana.