Fitilar Shinge

A gidanmu na Saulawa, ranar da ruwan farko ya sauka ba a maganar tuwo, sai ta shinge, garar nan mai fiffike. Ni kuwa in aka bar ni da kasko, har bakinsa sai na gatsa. Da magariba kakarmu Iya takan ajiye fitilar ƙwai a tsakar gida kusa da daro cike da ruwa, shinge ya yi ta faɗawa ciki, ita tana bakin murhu tana suya.

"Kai maigida, cire hannunka," takan ce mini. "Wannan cikin naka ko rumbu aka juye masa ba zai gode ba. Na Ladidi ne."

Ladidi ƙanwata ce, mai amosanin jini. Idanunta rawaya, tafin hannunta fari fat. In ciwon ƙashi ya taso mata, har maƙwabta ba sa runtsawa.

Tatsuniyar Iya ta wannan rana ba ta canzawa. Wai a da gara ba ta da fiffike. Akwai wata yarinya da kullum take zuba musu tsaki a bakin shuri. Da jininta ya ƙare ta kwanta, sai gara suka ari fuka-fuki wurin hadari, suka hau sama suka ɗebo mata jini. Da suka dawo duhu ya yi, suka kasa gane gidan. Shi ya sa har yau duk inda suka hango haske sai su faɗa, suna cigiyarta.

"Iya, sun same ta?" in ji Ladidi.

"Za su same ta mana, uwata, in ta zauna kusa da fitila."

Sai a shimfiɗa mata tabarma kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, iska na kaɗawa, shinge na sauka a kanta, tana ta dariya. Washegari a kwance take wuni. A wata damina muka binne ta.

Da na girma na haifi Hauwa'u, ita ma da ciwon. A asibiti a Makarfi wata ma'aikaciyar jinya ta ce mini masu bincike sun gano shinge da fara suna gina jiki, suna taimakon masu ƙarancin jini, amma ba sa warkar da sikila. Ta ce in kiyaye ta daga sanyi da laima, su ke tayar da ciwon. Nan take na tuna Ladidi a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Ban taɓa jin haushin Iya ba. Fitila da kasko da tatsuniya, iyakar abin da take da shi ke nan, kuma duka ta ba Ladidi.

Bana da aka yi ruwan farko, ni kaɗai na zauna gaban fitila. Na soya, na kai wa Hauwa'u ɗaki tana lulluɓe da bargo, na ba ta tatsuniyar.

"Baba, sun same ta?"

Na ce, "Sun same ta. Babanta ne ya kai su har ɗaki."