Fusena, Wadda Ta Koya wa Na'ura Amsa Gaisuwa

Kowace safiya, da bakwai ta gota, wani jan babur yakan fito daga lungun Sabonjida, ya ɗan tsaya wurin mai koko, sannan ya nausa cikin gari. Mai babur ɗin Anti Fusena ce. A jakarta akwai tsohuwar kwamfuta da aka ɗaure murfinta da roba, da 'yar lasifika, da wani baƙin zani. Ma'aikatan ofisoshin Tamale ba kwamfutar suke tsoro ba, zanin ne ke sa gabansu faɗuwa.

In ta ji an buɗe sabon shafin intanet, na makaranta ne ko na asibiti, sai ta je ta gaisa da kowa har mai gadi, ta nemi wanda ya gina shi. Ta yaba launi, ta yaba hotuna, har kan mutum ya fara kumbura. Sannan ta zaro zanin ta lulluɓe masa allon kwamfuta, ta cire linzamin ta jefa a jaka, ta kunna manhajar da ke karanta wa makafi abin da ke kan allo. "To bismilla," ta ce, "cike mini fom ɗin nan naka." Sau biyu na ga wannan da idona. Manhajar ta yi ta cewa "hoto, hoto, maɓalli, hoto," bawan Allah yana ta gumi, ya kasa gano ko inda ake rubuta suna a shafin da shi ya gina. Ba ta yi masa dariya. Kujera take ja ta zauna kusa da shi, su sa wa kowane hoto bayani, kowane maɓalli suna, bidiyo kuma a sa masa rubutu a ƙasa saboda kurame.

Da can mai buga takardu ce a wani shago. Makafi kan zo ta cike musu fom, dole mutum ya faɗi shekarunsa da ciwonsa a gaban layin jama'a, abin kuwa yana ci mata rai. Daga nan ta shiga koyon wannan aiki, ta koma wata ƙaramar ƙungiyar masu lalura ta musamman. Shekara goma sha shida ke nan, kuma ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki. Ba a taɓa kiranta kan dandamali an miƙa mata ko kwalin yabo ba. Ni dai na rantse ba za ta tafi shiru ba, ko don abin da ya faru da Malam Buraima bara.

Malam Buraima dattijo ne makaho, masaƙin kujerun igiya a Tishigu. Shekara ashirin yana aiki a gindin wata bishiyar dogonyaro a bakin titi, in hadari ya taso ya tattara kaya yana lalube, sau da yawa ruwa ya riga shi. Sai wata ƙungiyar 'yan kasuwa ta gina sababbin rumfuna, ta ware wasu don masu lalura, sunansa kuma ya fito. Sharaɗi ɗaya ne: kowa ya kira wani layin waya mai amsawa da kansa, ya faɗi sunansa da bakinsa, muryar ita ce sa hannunsa. Kira uku aka yarda. Wanda ya kasa kafin sallar Juma'a, rumfarsa ta zama ta wani. Ranar Litinin da ya aika a kira Fusena, ya riga ya ƙona biyu.

"Baba, kada ka sake kira," ta ce. "Bar wayar a kashe, nuna mini yadda ka yi."

Ya gyara zama, ya gyara hula, ya kai wayar kunne. "Salamu alaikum. Kwallafiya? Ina gajiya? Yaya gida, yaya yara? Madalla. Yaya aiki?"

Fusena ta dafe kai. Na'urar daƙiƙa biyar take bayarwa a faɗi suna. Ta ji gaisuwa, ta ce ba ta gane ba, ta sake tambaya, shi kuma ya ɗauka gaisuwarsa ce ba a ji ba, ya sake ɗaukowa daga sallama. Da aka yi haka sau uku a kira ɗaya, na'urar ta yanke layin.

"Baba, na'ura ce. Sunanka kawai za ka faɗa."

"'Yata, murya ta yi mini magana, ni kuma in jefa mata suna kamar ɓarawon da aka kama? Ba a yi mini wannan tarbiyya ba."

Da wata ce, da lallashinsa za ta yi har ya haƙura, a wuce wurin. Amma Fusena ta san ba shi kaɗai ba ne mai gaisuwa a Tamale. Ta hau babur sai Kasalgu, ofishin Abdul-Rauf, injiniyan da ya haɗa layin.

"Anti, mashin ba shi da matsala kuraa," ya ce da Hausarsa ta gari wadda ba ta raba "ka" da "ki", yana nufin na'urar ba ta da matsala ko kaɗan. "Mun gwada shi paa, sosai da sosai. Ka gaya musu su faɗi suna kawai."

"Da wa kuka gwada?"

"Da mu nan ofis."

"To kunna mini kiran waɗanda suka faɗi."

Ya kunna. Na farko sallama. Na biyu "Dasiba," ina kwana ke nan da Dagbanci. Na uku ma haka. Mutum talatin da ɗaya, makafi da tsofaffi, kusan duk gaisuwa ce ta kayar da su. Can sai ga muryar wata tsohuwa, ta gaida na'urar sau biyu, sannan ta ce a hankali, "To, ko na yi laifi ne?" Layin ya yanke. Abdul-Rauf ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi. "Anti," ya ce, "me za mu yi?"

Nan fa aiki ya kankama! Kwana uku suna abu ɗaya. Suka koya wa na'urar ta gane gaisuwa da Hausa da Dagbanci, ta amsa, ta jira mutum ya gama. Suka tsawaita lokacin jira, suka sa duk wanda bai ji ba ya ce a maimaita. Da aka rasa wanda zai ba da murya, Fusena ta shige ɗakin ajiya ta toshe taga da katifa saboda ƙarar babura, ta yi ta faɗin "lafiya lau" da "naa," amsar gaisuwa da Dagbanci, har muryarta ta dishe. Ta kuma je ta tsaya a kan shugabannin ƙungiyar 'yan kasuwar har suka yarda a mayar wa mutum talatin da ɗayan nan damarsu. Sai dai Malam Buraima ba ya cikinsu, tunda bai faɗi ba tukuna. Kiransa ɗaya ne ya rage, kuma ba a taɓa gwada gyaran da mutumin waje ba.

Ranar Juma'a da hantsi gindin dogonyaro ya cika. Fusena ta haɗa wayar da lasifikarta. Malam Buraima ya yi gyaran murya.

"Salamu alaikum."

"Wa alaikumus salam, barka da warhaka," in ji na'urar.

Wata mai sayar da wake da shinkafa ta saki guɗa, aka ce ta yi shiru. Ya tambayi gajiya, aka ce babu gajiya. Ya tambayi gida, aka ce lafiya lau. Wallahi har ruwan sama ya tambaya! Sai da ya gamsu, sannan na'urar ta ce, "Baba, in ka shirya, faɗa mana sunanka." Ya faɗa, tiryan-tiryan, har da na mahaifinsa.

"An karɓa. Rumfa mai lamba goma sha bakwai taka ce."

Wurin ya kaure. Masu adaidaita suka tsaya suna danna ham ba su ma san dalili ba, Abdul-Rauf na tsalle da rigar Juma'arsa. Shi kuwa dattijon ya ɗaga hannu a yi shiru, don bai yi sallama da mai magana ba tukuna.

Anti Fusena, ke ce kika ƙi yarda a ce mutanenmu su canza halinsu don na'ura ta ji daɗi. Ke ce idon wanda allo ya rufe wa ƙofa, kunnen wanda bidiyo ya bari a baya. Kin yi faɗa da manya ba tare da kin ɗaga murya ba, kin bar injiniyoyin garin nan sun fi yadda kika same su. Ina alfahari da ke, kuma ba ni kaɗai ba.

Ku masu gina shafuka da layukan murya, kafin ku ce aiki ya kammala, ku nemo makaho da kurma da tsohuwar unguwarku su gwada, ku zauna ku saurara. Ba sai an aiko muku da Fusena ba, ta yi nata, Allah ya saka mata da alheri, ya ba ta hutu mai daɗi.

Na tambaye ta wace godiya ce ta fi tsaya mata a rai cikin shekarun nan. Ta ce ranar da aka yi ruwan farko na bana, wayarta ta yi ƙara tana tsakar aiki. Malam Buraima ne, daga rumfarsa. Bayan doguwar gaisuwa ya ce, "'Yata, saurara." Ya ɗaga wayar sama, ta ji ruwa na dukan kwano kamar ana ganga. Sannan ya mayar da ita kunne. "Kin ji shi? Saƙata nake yi. Ko tashi ban yi ba."