Ustazun Gidan Tamis

A gidan burodin tamis na unguwar Sharafiyya akwai wani ɗan Afganistan da ba ya taɓa fulawa, sai dai ya harɗe a bakin ƙofa. Gashi ya sha baƙin rini, wuya naɗe da mayafin ulu a zafin Jidda, wai kada murya ta lalace. Muryar da ba wanda ya tambaya! An ce mawaƙi ne a Kabul, da aka hana waƙa ya gudo. Mutanensu na ce masa Ustaz, haka suke kiran gwanin waƙa.

Inna Fatsuma maƙwabciyarmu ta ji sunan, ta ɗauka malami ne. Ga ta durƙushe gabansa, tana roƙo da Larabci: "Ustaz, a taimaka da addu'a. An kama ɗana, iƙamarsa, takardar izinin zama, ta mutu."

Mai kunya zai ce mata ba malami ba ne. Shi kuwa ya gyara mayafi, ya lumshe ido, ya saki waƙa da harshensu. Tana hawaye tana "amin, amin".

Har baiti na uku bai tsaya ba. Shekara huɗu yana neman mai saurare, yau ya samu.