Hoton Inna a Shafin da Na Gina

Wallahi abin nan a kaina ya faru, ba ji na yi a bakin wani ba, wanda zai ƙaryata ya ƙaryata. Lokacin ina sayar da waina a Gyaɗi-Gyaɗi, ma'aikatan jinya ne masu saye, na kuma gama yaƙi da jahilci da furfurata, sai na ce kwamfutar nan ma sai na ga ƙarshenta. Na shiga wani ɗan aji a Tarauni, shago ne ƙarami mai fanka ɗaya. Kai, zamani mai daɗi! In tashi daga tanda, in wanke hannu, in zauna cikin 'yan mata suna ƙunshe dariya, ni ko a jikina.

Malam Nasiru ke koyar da mu, sa'an ɗana ne amma Malam nake ce masa. Ranar da ya nuna mana sa hoto a shafin intanet, layi guda ne: ka rubuta img, ka sa sunan hoton, shi ke nan. Mahaifiyata, Inna, Allah ya jiƙanta, hotonta ɗaya tak a duniya, yana ƙauye wurin yayana. Na aro, aka kwafe mini a filas, ɗan abin nan na ajiya da ake soka wa kwamfuta, na rubuta layin da hannuna, sai ga Inna a allo da mayafinta, tana kallon gefe don kunyar mai hoto. Na yi guɗa a aji!

Ni a tunanina hoton ya shige cikin shafin ya zauna. Sai na mayar wa Yaya nasa, na goge na filas don wuri ya cika. Da damina ruwa ya ci ɗakin Yaya, hoton ya narke. Na ce ba komai, ina da Inna a shafina. Na zo na buɗe, sai ɗan akwati fanko.

"Malam, ina uwata?"

"Hajiya, layin nan kwatance kawai yake yi, ya ce hoto yana wuri kaza. In an goge hoton, babu abin da zai nuna."

"To me ya hana ka faɗa tun farko, bakinka ciwo yake?"

Ya bincika ko'ina, babu. Kwamfutar da na yi aikin ma an sayar da ita. Na zauna ina ƙoƙarin tuno fuskarta, wallahi hancin ya ƙi zuwa, nan hawaye ya ƙwace mini.

Bayan la'asar ɗalibai sun watse, na ce bari in sake dannawa ko don zuciyata. La ilaha illallahu! Ga Inna, fes. Malam ya leƙo, ya duba filas, babu hoto, ya ce ƙila kwamfuta ce ta riƙe, sai ya tuna wannan sabuwa ce. Ni kuwa abin da ya tayar mini da tsigar jiki, ba gefe take kallo ba. Ni take kallo.

Na ƙare mata kallo son raina, hanci, tsagar kumatu, komai. Malam ya kai hannu zai adana, akwatin ya koma fanko. Hoton bai ƙara dawowa ba, amma har yau in na rufe ido ina ganinta sarai.

Jama'a, in kun sa hoto a shafi, ku bar shi inda yake, ku yi kwafi ku ɓoye. Kuma ku yi wa iyayenku addu'a, don ni dai ban san me suke gani ba.