Ƙullin Bahago

Ina shekarar farko ta koyon aiki a wani asibiti a Maiyama aka aiko cewa za a yi taron likitocin ƙashi a Aliero, garinmu. Dariya ta kama ni. A ce za a kawo ilimin karaya garin da kowace unguwa take da gidan ɗori! Mahaifina ma mai ɗori ne, gadonsa ne, kuma a gindin tabarmarsa na girma ina miƙa masa kara da tsumma.

Ranar taron na hau mota da sassafe, muka maƙale a Jega saboda ranar kasuwa ce, shanu da Keke Napep kowa na neman hanya. Ko da na isa har an fara. Aka rataya mini kati a wuya, aka ba ni jaka da biro, na lallaɓa kujerar baya. Ni dai kallo ya kai ni. Ina son in ga yadda manya suke yi idan sun haɗu, kuma na gani: wanda ya ce tambaya gare shi sai ya tashi ya yi nasa jawabin, sannan ya zauna bai tambayi komai ba. Lokacin shan shayi kuwa farfesa da ɗalibi duk ɗaya ne a gaban faranti.

Bayan azahar wata likitar tiyata, ba Bahaushiya ba, ta tashi da majigi tana bayani kan ɗaurin da ya yi tsauri har ya hana jini gudu. Ba ta zagi kowa ba, na yaba mata. Ta nuna hoton hannun wani yaro ɗan makiyaya, yadda aka kawo shi kafin a kwance. Yatsun sun kumbura sun yi baƙi. Ta ce dole aka yanke hannun.

Kowa yatsun yake kallo, ni kuwa idona ya tsaya a kan ƙullin tsumman. Kowane mai ɗori da irin ƙullinsa, kamar yadda kowace mace take da ɗaurin kallabinta. Wannan hagu ya kwanta, an cusa jelarsa ƙarƙashin kara. Mahaifina bahago ne. Na ɗaga waya na ɗauki hoton majigin, ina faɗa wa kaina ai ba shi kaɗai ne bahago a Aliero ba.

Da aka tashi ban bi motar Maiyama ba, gida na nufa. Na tarar da shi a zaure yana fere kara, warin albasa daga rumbun maƙwabta ya cika ko'ina. Tsoro nake ji ƙwarai. Tun da na shiga makarantar likita bai taɓa tambayata abin da ake koya mana ba, ni ma ban taɓa sa baki a aikinsa ba, a haka muke zaune lafiya.

"Likita, an watse?" ya ce yana zolayata. "Mi sunka ce game da mu?"

Na durƙusa na miƙa masa wayar. Ya nisanta ta da idonsa, ya daɗe yana kallo.

"Ɗaurina na," ya ce. "Yaron wani Bafillace na, daga wajen Maiyama. Na ce su komo in duba, ba su komo ba. Ya warke?"

"Baba, yana da rai. Amma an yanke hannun."

Ya ajiye wuƙar. Na jira faɗa, ko ya ce ƙaddara ce, kuma da ya faɗa da na yi shiru. Bai faɗa ba.

"Su manyan naku, mi sunka ce a yi?"

Na ce a sassauta ɗauri, a bar yatsu a waje. A danna farce, in ya yi fari bai komo ja nan take ba, a kwance, a tura asibiti. Kuma a koya wa iyaye su riƙa dannawa da kansu a gida, tunda ba kowa ke komowa ba.

Ya dubi hannunsa na hagu, wanda ya ɗora ƙasusuwan mutane tun kafin a haife ni. Sannan ya miƙo mini shi.

"Gwada man," ya ce.

Na kama yatsan mahaifina na danna farcen. Ya yi fari, muka sunkuya mu biyu muna jiran jinin ya komo.