Kitsen da Ke Cikin Jinina

Ni siriri ne tun ina yaro, shi ya sa na yi dariya da likita a Zariya ya ce kitse ya yi yawa a jinina. Na naɗe hannun riga na nuna masa damtsena.

"Likita, ina kitsen yake?"

Bai yi dariya ba. Ya shafa min wani mai mai sanyi a wuya, ya ɗora na'ura, ya nuna min hoton jijiyar da ke kai jini ƙwaƙwalwa. Ya ce kitsen da ke yawo a jini yakan manne a bangonta sannu a hankali, bangon ya yi kauri ya yi tauri, hanyar jini ta tsuke. Tawa ta fara. Sannan ya tambaya ko ɓarin jikin wani ya taɓa shanyewa a gidanmu.

Ya taɓa. Yayana ya faɗi a gonar rakensa a Gazara, ya yi shekaru a kwance kafin ya rasu. Babanmu ma haka. A gida ana cewa iska ce ke bin zuri'armu.

Na koma Makarfi da magani. Na ce wa matata ta daina zuba min man shanu a miya. Na rabu da mai balangun tasha. Na jingine babur, na koma zuwa gona da ƙafa.

Nan da nan magana ta tashi. A majalisa aka ce na karye, ko kuɗin fetur ba ni da shi. Sai ga Gwaggo, ƙanwar babanmu, da ƙwaryar man shanu.

"Ɗan nan, ka rame. So kake a ce matarka ba ta ba ka abinci? Abin da ya kama ubanka da yayanka ba a guje masa. Ci abinka, ka jira lokacinka."

Ina durƙushe a gabanta na ce, "Gwaggo, lokaci na Allah ne, ban musa ba. Amma na ga abin nan da idona, ba iska ba ce. Ni na riƙa juya Yaya a kan tabarma, ni nake masa wanka. Ba zan kwanta haka ba muddin akwai abin da zan iya yi."

Ta ɗauki ƙwaryarta ta fita. Ta daɗe ba ta amsa gaisuwata ba, ni kuma ban fasa zuwa gaishe ta ba.

Da na koma asibiti bayan an gama yankan rake, likita ya ce kitsen ya sauka. Bangon jijiyar bai koma yadda yake da ba, amma bai ƙara kauri ba.

Na tara ƙannena biyu na ce su je a auna jininsu. Ɗaya ya je. Ɗayan ya ce ba ya son a gaya masa abin da zai hana shi barci. Na ce masa ranar Litinin zan zo da motar haya in kai shi asibiti, ya zauna a shirye.